Matar da Ke Bayan Taga

Kafin a nuna mini kujerar da zan zauna, sai da aka miƙo mini takarda mai shafi shida aka ce in sa hannu a ƙasan kowane shafi. Na karanta shafi biyu na ga magana ɗaya ake ta juyawa: duk abin da idona ya gani a ɗakin nan, a ɗakin zai tsaya. Kada ɗan jarida ya ji, kada aboki ya ji, kada iyali su ji. Da na kai kan kalmar "ɗan jarida" sai na yi murmushi a raina, domin wata bakwai kafin ranar ni ma ɗan jarida ne. Ban karanta shafi na uku ba. Na zaro biro na sa hannu.

Saboda haka ba za ku ji sunan kamfanin a bakina ba, ko sunan dandalin sada zumuntar da muke yi wa aikin tace abin da mutane ke ɗorawa, ko garin da ofishin yake. Wani lauya ya ce mini takardar ba ta isa ta hana ni faɗin abin da ya sami jikina da hankalina ba. Na yarda da shi. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekara tara na yi a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, ina fassara ina tace labari kafin ya kai bakin mai karantawa. Editanmu dattijo ne, kowa Malam yake ce masa, har shugaban gidan. Jan biro ba ya rabuwa da aljihunsa. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a tsallake su: labarin mutuwa ba ya fita sai an ji shi daga baki biyu da ba su haɗu ba, kuma ba a faɗin ƙabila ko addinin wanda ake zargi sai in labarin ba zai tsaya ba sai da shi. Duk sabon yaron da aka kawo, sai Malam ya zaunar da shi ya ba shi labarin Ruwanda. Yadda a 1994 gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓoye, ana saurare ana wasa adda. Yadda a Disamban 2003 kotun duniya da ke zama a Arusha a lokacin ta sami Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, da laifin kisan ƙare dangi, alhali da makirufo ya yi nasa aikin. In ya gama sai ya nuna ƙofar ɗakin watsa shirye-shirye da biron nan ya ce, "Yaro, tsakaninka da wancan ɗakin akwai ni. Ranar da babu ni, sai ka zama ni."

Ranar ta zo ta hanyar da ba mu zata ba. Masu talla suka gano cewa da kuɗin da suke sayen minti guda a wurinmu za su iya bin mutum har cikin aljihunsa, su san shekarunsa da abin da yake so. Talla ta janye, albashi ya fara jinkiri, aka sallami Malam da sunan ritaya, bayan wata uku aka sallame mu mu bakwai a rana ɗaya. Ba na zargin kowa a kan wannan. Jama'a sun koma waya, kuma labari a waya ba ya jiran baki biyu.

A ƙarshen 2019 na ga sanarwar neman masu jin Hausa da Turanci. An rubuta cewa aikin kula da masu amfani da wata manhaja ne. A wajen ganawa an tambaye ni ko ina da ƙarfin zuciya, na ce na yi shekara tara ina tace labarin haɗari da rikici. Ashe karanta labari daban, ganinsa daban. Gani ya kori ji.

Ɗakin dogo ne, babu taga a ɓangarenmu, sanyin na'ura kamar a ajiye gawa. Waya da biro da takarda duk a akwatin ƙarfe ake barinsu a bakin ƙofa. An jera mu harshe-harshe: nan masu Hausa, can masu Suwahili, gaba masu Amharik, da sauransu. Duk abin da wani ya kai ƙararsa a dandalin, ko na'ura ta yi zarginsa, sai ya faɗo layinmu. Tikiti muke ce masa. Tikiti na iya zama zagi tsakanin kishiyoyi, ko tallar maganin bogi, ko hoton tsiraici, ko yankan rago da aka yi wa ɗan Adam. Ba ka sanin wanne ne sai ya buɗe a gabanka. Ka duba, ka zaɓi ɗaya: a bari, a lulluɓe da gargaɗi, a goge, ko a tura sama. Kafin ka ɗaga yatsa daga linzamin kwamfuta wani ya faɗo. A kusurwar allo akwai agogo yana ƙirga daƙiƙoƙin da ka ɓata, kuma ana so matsakaicin lokacinka ya tsaya ƙasa da minti guda. Ɗaruruwa muke yi a wuni. Ko bayan gida za ka, sai ka danna wani maɓalli na'ura ta san ka tashi.

Sai kuma maki. Kowane mako masu bin diddigi suna tsintar wasu daga cikin tikitocinka su sake dubawa. In hukuncinka ya saɓa da nasu, makinka ya sauka. In ya sauka mako uku a jere, a kira ka ɗaki. Ko ka goge abin da ya cancanci gogewa, in ka saka shi a ƙarƙashin dalilin da ba shi ba ne, kuskure ne. Da sannu mutum yakan daina tambayar kansa ko abin nan zai cutar da wani, ya koma tambayar me mai bin diddigi zai ce.

Littafin ƙa'idojin da Turanci aka rubuta shi, kuma waɗanda suka rubuta shi mutane ne masu ilimi da kyakkyawar niyya, ban taɓa shakkar haka ba. Sai dai ba su san habaici ba. Ba su san gugar zana ba. A wurinsu barazana ita ce mutum ya ce zan kashe wane. To, abokai biyu da suka yi musu a kan ƙwallo, ɗaya ya rubuta wa ɗaya "yau sai na kashe ka", na'ura ta kamo shi da gudu ta kawo mana. Amma wani ya ɗora hoton wata unguwa da kowa ya san su wa ke zaune a cikinta, ya rubuta a ƙasa: "Gonar nan ciyawa ta yi mata yawa. Wa ke da fartanya?" Mutum sama da ɗari sun amsa, wasu na cewa tasu a wase take. Na goge shi a matsayin tunzura jama'a. Aka rage mini maki. Na ɗaukaka ƙara, maganar ta tafi wurin wani da ke wata nahiya wanda bai taɓa jin Hausa ba, aka fassara masa kalma da kalma, ya amsa da layi ɗaya cewa wannan zancen noma ne. Aka mayar da rubutun.

A daren nan Malam kawai nake tunawa da kyankyasansa. Daga baya na karanta abin da ya faru a Miyanma, na ga ba mu ne farau ba. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen ƙasar ke duba irin waɗannan rubuce-rubuce a Facebook. Daga Agustan 2017 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsere wa kashe-kashe zuwa Bangaladash. A Maris na 2018 shugaban tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya, Marzuki Darusman, ya ce kafafen sada zumunta sun taka muhimmiyar rawa a abin da ya auku, kuma a Nuwamban shekarar kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Wannan ne ya sa na riƙe aikin da daraja duk da komai. Na ce a raina, ga shi na zama Malam, sai dai nawa jan biron linzami ne, kuma masu makirufo yanzu miliyoyi ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin dare nake, wajen ƙarfe uku. Tikiti ya buɗe, bidiyo ne na minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. An ɗauke shi daga cikin ɗaki, ta tsakanin labule da ƙarfen taga, hoton yana rawa saboda hannun mai ɗauka yana rawa. Gari bai gama wayewa ba a cikin bidiyon. A waje an tsugunar da maza a jikin wani bango, na ƙirga tara, hannuwansu a ka. Masu bindiga na tsaye a kansu. Ba zan faɗi irin tufafin da ke jikinsu ba.

Mace ce ke ɗauka. Ban ga fuskarta ba, muryarta kawai na ji, da raɗa, da Hausa mai karin wani yanki da na gane. Abin da ta fara faɗi shi ne ranar mako da kwanan wata. Sai sunan ƙauyen. Ta faɗe shi sau uku, a hankali, tana rarrabe gaɓoɓinsa kamar mai yi wa ɗalibi shifta. Ban san inda ta koyi haka ba. Mu a ɗakin labarai sai an yi wata ana koya wa ɗan rahoto ya fara da rana da wuri. Can sai jariri ya fara ƙananan kuka a kusa da ita, ta ce, "Yi shiru, yi shiru, Allah ya yi maka albarka, yi shiru." Ta koma kan tagar. Ta fara kiran sunayen waɗanda ke jikin bangon, ta kira huɗu, a na biyar muryarta ta karye, ta ce, "Wannan ƙanena ne."

Aka yi harbin. Ba ta sauke wayar ba. Bayan an gama, ɗaya daga cikinsu ya zaro wuƙa ya yi wa wata gawa abin da ba zan rubuta ba. Kalmarta ta ƙarshe kafin hoton ya yanke ita ce, "Ku gani. Don Allah ku gani."

Agogon kusurwa ya riga ya zama ja. Na duba wanda ya ɗora bidiyon, ba ita ba ce. Wani ne ya samo shi ya ɗora, ya rubuta a sama cewa haka ake yi wa irinsu, ya jera fuskokin dariya. A ƙa'ida babu wani ruɗani a nan. Bidiyon tashin hankali da aka ɗora don a faɗakar da jama'a ana iya lulluɓe shi da gargaɗi a bar shi. Wanda aka ɗora ana murna, ga kuma wulaƙanta gawa a fili, gogewa ne. Akwai maɓallin turawa sama, amma an sha ja mana kunne cewa yawan turawa alama ce ta wanda bai san aikinsa ba, kuma makina a makon yana bakin rami. Na danna gogewa. Na zaɓi dalili mafi tsanani, domin shi ne daidai.

Na san abin da wannan dalilin yake jawowa, an koya mana. Na'ura takan ɗauki wani abu kamar zanen yatsa na bidiyon ta ajiye a rumbu, ta yadda duk wanda ya sake ɗora shi za a kama, wani lokaci tun kafin ya bayyana. Dabarar ba ta banza ba ce. Ranar 15 ga Maris 2019, da wani ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand yana watsawa kai tsaye, Facebook ya ce a sa'o'i 24 na farko ya cire kwafi miliyan 1.5 na bidiyon, miliyan 1.2 daga ciki tun a bakin ƙofa aka tare su. Ba don irin wannan rumbun ba, da marayun mutanen nan sun yi ta cin karo da mutuwar iyayensu a waya. Amma zanen yatsa bai san niyya ba. Bai san bambancin mai dariya da mai kuka ba. In matar nan ta ɗora nata, ko wani ɗan'uwanta ya ɗora yana neman a bi musu haƙƙi, hoto ɗaya ne a wurin na'ura.

Tikiti na gaba tallar man shafawa ce. Na bar ta.

A ƙarshen mako mai bin diddigi ya tsinci tikitin a cikin nawa, ya ba ni maki cikakke.

Kwana huɗu bayan haka ina cikin mota ina komawa gida da asuba, direba ya kunna rediyo. Sai ga sunan ƙauyen. Wata sanarwa ce ake karantawa, cewa jita-jitar da ake yaɗawa ba ta da tushe, babu wanda aka kashe, kuma duk mai hujja ya kawo. Muryar mai karantawar na san ta, tare muka yi aiki a ƙarƙashin Malam. Ban ga laifinsa ba, takarda aka ba shi. Ni kuwa da na ga hujjar da idona, na ji ranar da wurin da sunaye huɗu, ina zaune a kujerar baya da takarda mai shafi shida a wuyana.

Na sha gaya wa kaina cewa wataƙila bidiyon yana nan a wayarta, ko kamfanin ya adana kwafi a wani wuri. Mu dai ba a taɓa gaya mana inda abin da muka goge yake zuwa ba. Da na fara bincike sai na ga ashe tsohon ciwo ne. A 2017, bayan YouTube ya fara amfani da na'ura wajen farautar bidiyon ta'addanci, dubban bidiyon yaƙin Siriya suka ɓace, har da waɗanda masu kare haƙƙin ɗan Adam suka shekara suna tarawa, sai da ƙungiyar Syrian Archive da wasu suka yi ta kai ƙorafi aka dawo da wasu. A watan Agustan shekarar kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmoud al-Werfalli, bisa zargin kisan mutum 33, kuma mafi yawan hujjar bidiyo ne da aka ɗora a kafafen sada zumunta. Irin bidiyon da nake gogewa kafin agogo ya yi ja. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta koma ta duba hotuna da bidiyon intanet da ta kafa hujja da su a rahotanninta, ta tarar kashi 11 cikin ɗari sun ɓace. A wannan shekarar ce kuma wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a bakin titi a Minneyapolis ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd. Nata bidiyon ya tsaya, duniya ta gani, aka yi shari'a aka ɗaure ɗan sandan. Na kalli wannan shari'ar ina tunanin matar da ke bayan taga. Abin da ta yi bai gaza na yarinyar ba. Ita dai a hannuna ta faɗo, ƙarfe uku na dare.

Jiki magayi. Barci ya fara gudu na. In na samu na runtsa, sai in ga bangon. Kukan jariri, ko a mota ne ko a maƙwabta, sai ya sa gumi ya keto mini. Maiɗakina ta yi haƙuri har ta gaji, wata rana da safe ta tsare ni ta ce, "Malam, wace ce kake ce wa ta yi shiru cikin dare?" Ta ɗauka aure nake nema a ɓoye. Yanzu mukan yi dariyar abin, amma a lokacin ban sami abin ce mata ba sai, "Aikin kwamfuta ne, gajiya ce." Mahaifiyata kuma in ta kira sai ta ce, "Ɗan nan, muryarka ba ta yi mini ba." In ce mata layi ne ba kyau.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da 'yata, tana shekara shida, ta rugo ta bayana da wayar uwarta ta tura mini a fuska tana cewa, "Abba, kalli! Abba, kalli!" Ban san lokacin da hannuna ya kaɗe wayar ba. Ta bugi bango, gilashin ya tsage. Bidiyon kyanwa ce ta faɗa bokiti. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana kallona kamar baƙo. Wata guda ba ta ƙara nuna mini komai ba.

A ofis akwai mai ba da shawara, ba zan ce babu ba. Akan ba mu 'yan mintoci a mako mu je wurinta. Mutuniyar kirki ce, takan ce mu ja numfashi mu ƙirga huɗu, akwai takardun zane da fensir masu launi a teburinta. Amma albashinta da namu daga aljihu ɗaya suke fitowa, kuma babu wanda ya tabbata abin da ya faɗa mata ba zai kai kunnen shugaban sashe ba. Sai kowa ya je ya ce lafiya lau, ya ƙirga huɗu, ya koma layi.

Wadda ta fara buɗe mini ido wata abokiyar aiki ce daga layin wani harshe, ƙasarsu ana yaƙi. Wata rana ta ga titin gidansu a tikiti, ta gane shagon da ke kwana, ta gama tikitin, ta danna maɓallin bayan gida, ta je ta yi amai ta dawo. A wajen akwatunan waya ta tare ni ta ce, "Ɗan'uwa, kai da ka yi jarida, ka san sashe na 19, ko?" Na ce na sani, 'yancin faɗin albarkacin baki, a cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948. Ta ce, "To ka ƙara huɗu." Na koma gida na duba sashe na 23. Haƙƙin yin aiki cikin yanayi na adalci, da haƙƙin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Shekara tara ina karanta labarin take haƙƙin wasu a rediyo, bai taɓa zuwa mini cewa takardar nan da ni ma take magana ba.

Buƙatunmu ba su da yawa. A gaya wa mutum gaskiyar aikin kafin ya sa hannu. A samo likitan ƙwaƙwalwa wanda ba ya ƙarƙashin kamfani. A rage sa'o'in da mutum zai yi a layin jini. Ni kuma na sa aka ƙara ɗaya: a samar da maɓallin da zai ce a cire wannan daga idon jama'a amma a adana shi, wataƙila hujja ce. Muka rubuta, mu goma sha huɗu muka sa hannu. Aka karɓa da fara'a, aka ce za a duba. Babu wanda aka kora. Kwantiraginmu na shekara-shekara ne, sai kawai aka riƙa bari yana ƙarewa. Nawa ya ƙare a farkon 2022, aka ce aikin Hausa ya ragu. A makon da na tafi, tikitocin da ke jiran layinmu sun fi na kowane lokaci yawa.

Ina zaune a gida a watan Fabrairun shekarar mujallar Time ta fitar da labarin Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu da ya yi irin aikinmu a Nairobi, a kamfanin Sama da ke yi wa Facebook kwangila a lokacin. Ba kamfaninmu ba ne, ba garinmu ba ne, ban taɓa ganinsa ba. Amma na karanta kamar da ni ake. Ya ce an sallame shi a 2019 bayan ya yi yunƙurin haɗa kan ma'aikata, kuma rahoton ya ce akwai masu karɓar dala ɗaya da rabi a sa'a. Ya kai ƙara. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya ce shi ba a Kenya yake ba kuma ba shi ya ɗauke su aiki ba, amma a Fabrairun 2023 kotun ƙwadago ta ce ana iya tuhumarsa a can, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Satumban 2024. Ranar ma'aikata ta 2023 mutum sama da 150 suka taru a Nairobi suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar masu tace abubuwan intanet ta Afirka. A ƙarshen 2024 aka gabatar wa kotu rahoton likita cewa sama da 140 daga cikin masu irin aikinmu da su ma suka kai ƙara a can suna fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali. A Amurka kuwa tun 2020 Facebook ya amince ya biya masu irin aikin dala miliyan 52. Ido ɗaya ne, bidiyo ɗaya ne, amma sai da na Afirka suka shekara biyu suna shari'a a kan ko ma suna da wanda za su kai ƙara.

A daren da na karanta labarin Motaung na tashi maiɗakina na gaya mata komai. Bangon, tagar, jaririn. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba. Sai ta ce, "Shekara biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, muna kwana ɗaki ɗaya?" Na ce na sa hannu a takarda. Ta ce, "Ni ma ai da shaidu aka ɗaura mana." Ita ta nemo mini likita, ita ta riƙa raka ni.

Tsugune ba ta ƙare ba, don sai an ci abinci. Yanzu daga gida nake aiki, ina yi wa ƙirƙirarriyar basira lakabi. A turo jimlolin Hausa, in ce wannan zagi ne, wannan wasa ne, wannan barazana ce a cikin rigar karin magana. Ana biya a kan kowane aiki, babu kwantiragi, babu shugaban da zan gani, an taɓa rufe mini asusu na mako biyu ba tare da an ce ga dalili ba. Na san na'urar da nake koya wa habaici ita ake shirin ɗorawa a kujerar da na bari. Wani lokaci abin yana ba ni haushi. Wani lokaci kuma in ce gara ita, ba ta da 'ya mai shekara shida. Sai dai duk sanda na tuna ba za ta ji karyewar murya a suna na biyar ba, sai in rasa wanne zan zaɓa.

Bara na sami wata mai bincike a wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da ke tattara bayanan abin da ya faru a yankin nan. Sai da na yi wata biyu da lambarta kafin na kira. Muka zauna, ta buɗe littafinta, na gaya mata ko ni wane ne da irin aikin da na yi. Ta ce, "Malam, kana da kwafin bidiyon?" Na ce babu, ko biro ba a barinmu mu shiga da shi. Na zaci za ta rufe littafin. Sai ta gyara zama ta ce akwai mutum biyu da suka ba ta labarin wannan asubar, amma dukkansu daga nesa suka ji harbi, babu wanda ya ga bangon. Ta tambaye ni ranar, na faɗa. Ta tambayi adadin mutanen, na ce tara. Ta tambayi sunaye, na ba ta huɗu, na ce na biyar ƙanen mai ɗaukar ne, ba ta iya ƙarasa sunansa ba. Ta duba wani shafi a baya, ta ɗan yi shiru, ta ja layi a ƙarƙashin wani abu.

Sannan ta ce in maimaita mata sunan ƙauyen a hankali don ta rubuta shi daidai. Na faɗa mata sau uku, ina rarrabe gaɓoɓinsa.